Ranar da Hajiya Ta Yi wa Waya Sallama

Soron da kakata take koya wa matan aure karatu ya faɗi ne cikin marka, bayan azahar ranar wata Alhamis da babu makaranta. Da ranar karatu ce, da ban san irin labarin da zan bayar ba yanzu. Muna tsakar gida muka ji rugugi, muka fito da gudu muka tarar azara ta karye ta tsakiya, ƙasa ta binne tabarmi da alluna. Hajiya ta dogaro sandarta ta zo ta tsaya tana kallo. Ta ce alhamdu lillahi, sannan ta ce a tono mata butarta, don a ciki ta bar ta.

Gidanmu yana cikin lungu, in ka shigo ta Ƙofar Na'isa ka saki titi ka yi kwana biyu. Soron shi ne na biyu bayan zaure, kuma tun mahaifina yana ɗan makaranta take tara mata a cikinsa tsakanin azahar da la'asar. Masu ƙosai, masu kitso, matan 'yan dako da suka biyo mazajensu daga ƙauye, duk wadda ta girma ba ta samu karatu ba kuma take jin nauyin zama cikin yara. Fatiha ce da gajerun surori, da yadda ake alwala da salla. Ko kuɗin Laraba ba ta taɓa karɓa ba.

Bayan rushewar sai aka koma tsakar gida, aka ɗaura tampol daga bishiyar darbejiya zuwa ƙusar bango. Haka aka ci rani. Da bazara ta kama, gajimare ya fara leƙowa ta gabas, sai ta kira ni da ƙanwata ta ce, "Ranar da ruwan farko ya sauka, ranar zan rufe makaranta. Ba zan tara matan mutane ruwa yana dukansu ba."

Mun san ta. In ta faɗi magana ba ta dawowa ta ɗauke ta. Mun kuma san cewa a shekarunta in ta rufe ta rufe ke nan, kuma karatun nan shi ne yake tashinta daga kan gado kullum. Abin ya tsorata ni sosai, na kasa cin tuwon kirki a ranar.

Ni malamin sakandare ne, kuma duk wanda ya san albashin malami da farashin siminti ba sai na yi masa bayani ba. Amma ina da wata sana'a ta gefe: ni ake kira in gabatar da taro, walimar sauka, yaye ɗalibai, wani lokaci har biki. Mutane suna cewa ina da baki. Na yarda da maganar fiye da masu faɗinta. Don haka na ce a kafa rumfa a ƙofar gida, a jera kujeru, a gayyato manya a ƙaddamar da gidauniya, ni kuma in riƙe lasifika.

Ƙanwata ma'aikaciyar jinya ce, ba ta da lokacin zagaye-zagaye. Ta ce, "Yaya, kai fa ka fi kowa sanin yadda ake ƙarewa. Uban taro ya aiko wakili, wakili ya yi alkawari a lasifika a tafa masa, sannan ka shekara kana sintiri a ƙofar ofis. Kuɗin rumfa da lemo ma ba za su fito ba." Ta ce 'ya'yan ɗaliban Hajiya sun watsu a duniya, wasu Abuja, wasu Legas, wasu Jidda, har da Ingila. A yi taron kai tsaye ta intanet, a shafin ƙungiyar unguwa, kowa ya kalla daga inda yake. Na yi gardama don kada a ce ban yi ba, sannan na amince, na kuma fara ba da labarin kamar ni na kawo shawarar.

Shawo kan Hajiya shi ne aikin.

"Wato bara za ka kai ni, angon banza?" Haka take kirana tun ina rarrafe, wasan kaka da jika. "Miji ya kasa gyara wa matarsa soro, sai ya ɗauke ta ya kai ta kasuwa."

"Ba bara ba ce, Hajiya. Gidauniya ce."

"Suna aka sauya mata."

Ƙanwata ce ta ce mata, "Ba za ki roƙi kowa ba. Ki zo ki gaisa da 'ya'yan ɗalibanki kawai." Da jin haka ta sauko. Ta kafa sharaɗi ɗaya, cewa bakinta ba zai furta "ku ba ni" ba. Na ce na ji, a raina kuwa ina cewa in an zo wurin zan san yadda zan juya ta.

Mako guda na yi ina kallon bidiyon masu koyar da yadda ake magana a gaban kyamara, data tana ƙonewa kamar kalanzir. Na rubuta ƙa'idoji a bayan takardar jarrabawa. Ka kalli idon kyamara, ba fuskarka ba. Haske ya zo ta gabanka. Kada ka yi doguwar gaisuwa, mutanen intanet ba su da haƙuri. Ka faɗi buƙatarka a minti na farko. Kada ka wuce minti uku. Mafi girma duka, kada a yi shiru, don shiru yana korar masu kallo. Na haddace su kamar zan yi musu jarrabawa, sannan na tasa tsohuwa a gaba da atisaye.

"Nan za ki kalla, wannan ɗan ɗigon baƙin."

"In zura wa baƙo ido? Ni tunda nake ban taɓa ba."

"Ba baƙo ba ne, kyamara ce."

"To me zan kalla a jikinta?"

Na rubuta mata jawabi da boko, ta ce ba ta san wannan tsutsar ba. Na zauna na mai da shi ajami, na sha wuya, na kawo mata ina jin kaina. Ta kai takardar kusa da hancinta, ta duba sama ta duba ƙasa, ta ce wanda ya koya mini rubutu ya ci amanar iyayena. Ita ce ta koya mini. Ta ninke takardar ta sa a ƙarƙashin filo, ban sake ganinta ba.

Ranar Lahadi bayan la'asar muka sa. Na ajiye kujera a gaban kangon soron don kowa ya ga ɓarnar da idonsa. Hajiya ta ce ita ba ta karatu a kan kujera, aka shimfiɗa mata darduma a kan tabarma. Ƙafar ɗora waya da na aro ta yi tsawo, sai muka kifa turmi muka jingina wayar a kansa da bulo biyu. Na je na roƙi maƙwabcinmu mai injin markaɗe ya kashe na awa ɗaya. Aka kulle kaji. Ni kuwa na sha babbar riga mai aiki a cikin zafin bazara, gumi yana bin bayana tun ba a fara ba.

Na danna, na durƙusa a gaban turmi, na buɗe taro. Ba don ni nake faɗa ba, na yi ƙoƙari. Ban lissafo manyan baƙi ba, ban yi kame-kame ba, na kalli ɗigon nan kamar ya ci mini bashi. A saman waya ana nuna yawan masu kallo, kuma ba su fi cikin a-daidaita-sahu biyu ba. Na daure na ce, "Yanzu ga Hajiya da kanta." Na matsa gefe.

Ta gyara mayafi, ta sunkuyar da kai kaɗan, ta ce, "Salamu alaikum."

Ta yi shiru. Na yi mata alama da hannu ta ci gaba. Ba ta ko dube ni ba.

"Salamu alaikum," ta sake faɗa, da ɗan ƙarfi, irin na wanda yake zaton masu gida suna can ƙurya.

Na fara juya hannu kamar mai ba da hannu a titi. Masu kallo suka ragu da biyu, na gani da idona.

"Salamu alaikum wa rahmatullahi."

Ta jira. Babu abin da ake ji sai kukan kurciya a kan darbejiya. Sai ta tattara carbinta, ta laluba sanda, ta ce wa ƙanwata, "Kama ni in tashi."

"Ina za ki, Hajiya?" Na yi raɗa, na manta wayar tana ɗaukar raɗar har Ingila.

"Na yi sallama sau uku ba a amsa ba. Ko babu kowa a gidan, ko ba sa buƙatar baƙi. Ni ba a koya mini kutsa kai ba."

Raina ya ɓaci, kuma na nuna. Na ce da ƙarfi, "Haba Hajiya, waya ce fa, ba gida ba ne!"

"Ba kai ka ce mini akwai mutane a ciki ba?"

Mako guda ina yi mata bayanin haske da ido da minti, amma ban taɓa gaya mata cewa su za su ji ta, ita ba za ta ji su ba. A wurina abin a fili yake, bai kai a faɗa ba. A wurinta kuwa, mutumin da ka yi wa sallama ya yi shiru ya riga ya ba ka amsa. Haushin da nake ji nata ne a baki, amma a gaskiya nawa ne.

Sai na ji ƙanwata ta tuntsire da dariya. Tana tsaye a gefe da tata wayar, tana bin abin da masu kallo suke rubutowa. Ta ce, "Hajiya, wallahi sun amsa. Tun ta farko suke amsawa. A rubuce ne, ga shi nan sai zubowa yake yi."

Hajiya ta tsaya da sanda a hannu. "A rubuce?"

"A rubuce. Wa alaikumus salam, wa alaikumus salam, ga su nan rututu."

Ta koma ta zauna a hankali. "To su wane ne? Karanto mini."

Na ce, "Hajiya, lokaci..."

"Kai, rufe mini baki. Mutum ya amsa maka sallama ka wuce shi kamar icce?"

Na farko wani ne daga Legas, ya rubuto cewa shi ɗan mai ƙosan bakin ƙofa ne. Hajiya ta washe baki. "Kai ne mai ƙaton kan nan da ake goyowa yana tsala ihu ana karatu? Ikon Allah! Ya ƙafar uwarka? Ka ce mata na ce ta rage gishiri." Tana magana tana matsowa kusa da turmi, tana leƙa wayar wai ko za ta hango shi. Idonta ya sauka daidai kan ɗigon da na yi kwana bakwai ina fama ta kalla.

Ta biyu wata ce daga Abuja, jikar wata mai saƙa. Hajiya ta tambayi kakarta, ta tambayi ƙanin kakarta, ta tambayi ko an samu haihuwa a gidan wanda ya yi aure bara waccan. A jira amsa ta iso, a karanta mata, ta yi addu'a, a wuce na gaba. Duk ƙa'idar da na rubuta ta bi ta kanta da ƙafa. Na duba saman waya ina jiran in ga kowa ya gudu, sai na ga adadin yana hawa. Daga baya na ji yadda aka yi: kowa yana kiran ɗan'uwansa, zo maza, Hajiya tana cigiyar mutane, yanzu ta tambayi Innarmu. Wanda bai shigo ba ma sai ya ji kamar an yi rabon wani abu babu shi.

Takardata ta jiƙe da gumi a hannuna. Na tuɓe babbar rigar na rataye a igiyar shanya, na zauna a ƙasa kusa da ita, na karɓi aikin karantawa don muryata ta fi ta ƙanwata ƙarfi. Mai gabatar da taro ya koma ɗan aike, kuma abin mamaki ban ji ciwo ba. Ina karantawa ina dariya, don ta tuna abin da masu shi suka so a manta. Wani babban ma'aikaci ta tuna masa ranar da ya yi fitsari a kan tabarmar karatu, ya rubuto cewa yana neman afuwa, matarsa tana kusa.

Rana ta yi sanyi sosai lokacin da saƙon wata mata ya shigo daga Jidda. Ta ce ita ce 'yar autar mai kitso ta bayan masallaci, waɗanda suka tashi suka koma Kaduna da daɗewa.

Hajiya ta tafa hannu. "Allah sarki! Ina uwarki? Har yanzu tana sauri in tana karatu, kamar an biyo ta?"

Amsar ta ɗan jima kafin ta zo. Da ta zo na karanta a zuci, na ɗaga kai na dubi ƙanwata, na ga ita ma ta gani. Na yi niyyar tsallakewa. Na ce a raina taro yana daɗi, kada in ɓata shi, kada kuma in ɗora wa tsohuwa wannan a gaban duniya.

"Ka yi shiru," in ji Hajiya. "Me ta ce?"

Ban taɓa iya yi mata ƙarya ba. Na karanta. Uwar ta rasu da azumin bara. Sai wani saƙon ya biyo baya, shi ma na karanta. 'Yar ta ce a kwanakin ƙarshe, da uwar ta daina gane mutane, gajerun surorin nan take ta maimaitawa, kuma da irin karin muryar Hajiya take yin su, har inda Hajiya take jan numfashi.

Hajiya ta ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Daga nan ta yi shiru, dogon shiru, irin wanda aka ce mini yana korar masu kallo. Ban duba adadi ba, ban kuma yi mata alama da hannu ba. Ta share ido da gefen mayafi, ta ɗaga hannu ta yi wa matar addu'a, mu da matan gida da suka taru a bakin ƙofofi muna cewa amin.

Sannan ta yi magana, ba da ƙarfi ba, kamar da 'yar kaɗai take yi.

"Uwarki ta kai shekara arba'in lokacin da ta zo mini. Kwana uku tana zuwa aron rariya. Ta tsaya a bakin soro da goyo, ta karɓi rariya, ta ƙi tafiya. A na ukun na ce mata, baiwar Allah, ajiye rariyar nan ki zauna, babu mai yi miki dariya a nan." Ta juya ta nuna kangon da sandarta. "Can take zama, jikin bangon can, don kada a ga bakinta in ta yi kuskure. Wata shida ta yi kafin ta yarda ta ɗaga murya."

Ta juyo ta dubi wayar.

"Yanzu ma akwai irinta. Suna zuwa aron rariya, ina gane su. In ruwa ya sauka ba ni da inda zan ce su zauna."

Iyakar abin da ta faɗa ke nan a kan soro. Ta dubi sama ta ce magariba ta kusa, kowa ya tashi ya yi alwala, ba ruwanta da cewa wasu a garinsu an yi isha, wasu kuma da sauran rana. Ƙanwata ta kama ta ta tashi. Ni da na tanadi jawabin rufewa mai ratsa jiki, na durƙusa a gaban turmi na buɗe baki, babu abin da ya fito sai "Allah ya saka da alheri." Ko lambar asusu ban karanta ba. Ƙanwata ce ta rubuta ta a ƙasa bayan na kashe.

Ina naɗe tabarma Hajiya ta kira ni daga bakin ɗakinta.

"Angon banza."

"Na'am."

"Na roƙi wani?"

"Ba ki roƙi kowa ba, Hajiya."

"To madalla. Miƙo mini buta."

Taimako ya zo, kuma ba daga manya ba. Wasu sun turo ta asusu, wasu ba su bi ta nan ba sam. Ɗan mai ƙosai ya sa aka sauke mana siminti a bakin lungu, aka yi ta shigowa da shi a baro. Matar Jidda ta aiko da kwanon rufi. Wani magini daga Ƙofar Nassarawa, wanda ban taɓa gani ba, ya zo da yaransa ya ce uwarsa a nan ta koyi salla, ya ƙi a yi masa maganar lada. Aiki ya yi ta tafiya yana tsayawa, hadari kuma yana haɗuwa yana watsewa, ni kullum wuyana a sama. Ranar da aka buga kwanon ƙarshe babu ƙofa, babu taga, ba a yi filasta ba, ƙasan ma yashi ne aka shimfiɗa tabarmi a kai.

Kwana huɗu bayan nan, ina aji da rana, gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta fara buga tagogi. Na bar ɗalibai da aikin da ban ko duba ba, na hau babur. Ruwa ya kama ni tun kafin in kai ƙofar gari, na shiga lungu ina tura babur cikin kwata, ina sauri, don na san abin da ta ce za ta yi a wannan rana.

Na tarar da takalma jere a cikin zaure. Na leƙa soron. Mata sun cika shi har bakin ƙofa, wasu da goyo, an ja tabarmi nesa da tagar da feshi yake shigowa. Ruwa yana dukan kwano, ba ka jin maganar na kusa da kai. Hajiya tana zaune a kan dardumarta, littafi a rufe a cinya, tana jira ya tsagaita. Da ta gan ni tsamo-tsamo sai ta nuna rufin da sanda, ta ɗaga murya iya ƙarfinta.

"Ka ga abin da ka jawo mini? Ka kifa mini ganga a ka! Soron ƙasa ya taɓa yi mini wannan ihun?"

Matan suka yi ta dariya suna rufe baki da mayafi. Na tsaya ina dariya ni ma, hawaye yana bin ruwan fuskata, na gode Allah babu mai iya bambancewa.

Ruwan ya ɗan lafa. Ta buɗe littafi, sannan ta ɗago ta ga har yanzu ina nan.

"Me ka tsaya yi? Nan makarantar mata ce. Fita ka ba mu wuri."

Na fita tsakar gida na tsaya a cikin yayyafi, ban shiga ɗaki ba. Ta bayan bango na ji ta buga sanda a ƙasa sau biyu, ta ce, "To, ina muka tsaya jiya?"